Ranar da na ce wa dattijo a'a a Osaka

A makona na farko a birnin Osaka na ƙasar Japan, wani dattijo ya ga ina fama da akwati a matakalar tashar jirgin ƙasa, sai ya miƙo hannu zai taya ni. Na ce masa "iie", wato a'a, domin ita kaɗai na sani, kuma har yau ina jin nauyin yadda ya janye hannunsa a hankali ya sunkuyar da kai.

Daga baya malamarmu ta Japananci ta bayyana mini cewa ba a katse mai tayin alheri haka. Ana fara godiya da "arigato gozaimasu", sannan a ce "daijobu desu", ma'ana babu damuwa, zan iya. Akwai kuma "kekko desu", wato a bar shi kawai, amma ta gargaɗe ni cewa idan murya ta yi kaushi, takan zama kamar kora. Wadda ta fi shiga raina ita ce "okimochi dake itadakimasu", wato kyakkyawar niyyarki kaɗai na karɓa, wadda na faɗa wa maƙwabciyata jiya da ta nemi ta riƙe mini cefane, ta yi murmushi ta rusuna.