Inda na kai baƙin bikinmu a Wudil

Da aka sa ranar bikin ƙanwata, Baba ya ɗora mini kula da dangin ango da za su zo daga Zariya. Za su iso ranar Alhamis, ɗaurin aure kuwa sai Asabar da safe. Baƙon biki idan aka bar shi a ɗaki yana jiran abinci, gajiya kawai yake tarawa, don haka na ƙudurta sai sun ga garin.

Wudil tana kan titin Kano zuwa Maiduguri, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka daga birni. Matasan cikinsu jami'ar suka fara tambaya, wadda aka kafa a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Na zaga da su da yammacin Alhamis, muka wuce ta gaban makarantar horar da 'yan sanda, suka sha shayi da Indomie a teburin da ɗalibai ke zama. Wannan bai ɗauki lokaci ba.

Abin kallo na gaske shi ne kara ranar Juma'a. Tun daren Alhamis motocin shanu ke shigowa, kafin hantsi kuwa ba masaka tsinke. Bayan asuba muka fita, domin da rana ta ɗaga, ƙura da cunkoso ba sa barin mutum ya ga komai. Kawun ango, dattijo mai kiwo a gida, ya tsaya wajen wani dillali da ya kama hancin bijimi ya buɗe bakinsa yana duba haƙora don a san shekarunsa. Mai saye ya taya, mai shanu ya kau da kai ya ce albarka, aka ƙara, aka ja shi gefe aka yi raɗa, sannan ya sallama. Na ce, "Baba, mu ƙarasa gaba?" Ya ce, "Ɗana, bar ni nan tukuna, ai karatu nake." Sai da muka ga ana loda tireloli masu tafiya Kudu ya yarda muka fito. A ganina duk wanda ya zo Wudil ranar kasuwa bai shiga kara ba, an cuce shi.

Mata kuma ba shanu ne a gabansu ba. Yayata ta shiga da su wajen Fulani masu nono, suka sha fura mai sanyi a ƙwarya, suka sayi man shanu, daddawa, kuka da faifai na tsaraba. Ku haɗa baƙi da ɗan gari in za su yi ciniki, farashi yakan sauko.

Da la'asar muka gangara bakin kogi, kusa da gada. Masu haƙar yashi na ta sauke kaya daga kwale-kwale, ga masu suyar kifi a gefe. Tarwaɗa da karfasa muka saya, da zafinsu, aka barbaɗa yaji. Samari sun so shiga jirgi, na hana, saboda damina ce ruwa ya cika, kuma amanar mutane ce a hannuna. Da rani ne da na bar su.

Abu biyu zan gaya wa mai shirin biki a nan. A nemi masauki da wuri, don garin ba shi da ɗakunan baƙi masu yawa, idan makaranta na da taro kuwa sai dai a raba mutane gidajen 'yan uwa, kamar yadda muka yi da mata. Sannan duk mai tahowa daga Kano ranar Juma'a ya taso da sassafe, ko ya bari sai bayan magariba, domin motocin kasuwa kan toshe gadar a yi ta jira.