Jaririyar daren Talata da labarin Tekzas

Daren Talatar da ta wuce ni ke kwanan aiki. Wajen ƙarfe 3 aka kawo wata yarinya daga wani ƙauye can bayan Mirya, cikin fari, haihuwar kuma ba ta ba mu wuya ba. Sai da na juya jaririyar zan goge ta na ga ƙulli kamar ƙwan kaza a ƙasan bayanta, fatar wurin a buɗe, ruwa na tsatsafowa, ƙafafun kuwa ko motsi. Lokotoro na kiran wannan sipina bifida.

Uwar mijin ta leƙo. "Madam, lafiya dai?"

Na ce, "Inna, a yi ta addu'a, sai lokotoro ya gani."

Na jiƙa bandeji mai tsabta na rufe wurin, na kwantar da ita ruf da ciki. Iyakar abin da ke hannuna ke nan.

Tun ranar nake tuna wani labari da ƙanena mai karatun likita ya turo mini a WhatsApp. A watan Satumba na 2021 jihar Tekzas ta Amurka ta hana zubar da ciki da zarar an ji bugun zuciyar tayi, wato wajen mako 6. Alhali hoton ciki, wato ekografi, da ke nuna naƙasa sosai sai wajen mako 20 ake yin sa. A Yunin 2022 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata ƴancin zubar da ciki, ta bar wa kowace jiha ta yi dokarta. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun duba lissafin, suka buga a 2024: daga 2021 zuwa 2022 mutuwar jarirai a Tekzas ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100, ta masu naƙasar haihuwa kuwa da kusan kashi 23, alhali a sauran jihohi wannan raguwa ta yi. Ciki irin wanda a da ba ya kaiwa haihuwa, yanzu yana kaiwa, nauyin ya dawo kan ɗakin jarirai. Wanda aka haifa ba ƙoƙon kai ba shi da magani ko a Amurka. Ɗumi ake ba shi, a rage masa zafi, a bar shi a ƙirjin uwarsa na sa'o'i ko ƴan kwanaki.

Mu nan Nijar dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta bar ƴar ƙofa: in rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari, ko in an gano ɗan na ɗauke da ciwo mai tsanani ƙwarai. To amma wa ke isa ƙofar? Yarinyar nan awo biyu ta yi, ekografi ko ɗaya. Ko da ta yi, na san gidanmu na Damagaram. Malamanmu ƴan Malikiyya ne, suna tsanantawa a wannan batu, ni ma a nan aka rene ni, ba zan tsaya ina kiran a zubar ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk mun yarda a haife shi, amma ba mu tanadar masa gado ba. Kwalba ba ta isa, wuta ta ɗauke lokacin zafi, buɗaɗɗen baya kuma ana so a ɗinke shi cikin kwana biyu ko uku kafin ƙwayoyin cuta su hau zuwa ƙwaƙwalwa. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, sai dai takardar ba ta biyan kuɗin mota zuwa Yamai, kusan kilomita 900, ba ta ciyar da mai jinya.

Abin haushi, da yawan irin wannan ana kauce masa da ƙwayar folik asid mai arha. Sai dai laka tana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, mu kuwa matanmu ɓoye ciki suke har ya fito, ballantana na fari. Kafin ta zo mu miƙa mata jan maganin ƙarin jini mai folik asid ɗin, aikin gama ya gama.

Da gari ya waye lokotoro ya rubuta musu takardar tafiya. Mijin ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Madam, bari in je gida in sayar da awaki, jibi in Allah ya so muna hanya." Uwar mijin ta naɗe jaririyar cikin zane, ruf da ciki kamar yadda na nuna mata. Yau Asabar, na kira lambar da ya bari sau uku, a kashe take.