Kwana uku ina karatun duwatsu a Beth Haim

Warin kibiritu ne ya fara tarbata tun kafin in ga ƙofa. Maƙabartar Beth Haim tana gefen birnin Willemstad a tsibirin Kurasao da ke tekun Karibiyan, matatar mai ta yi mata ƙawanya. Yahudawan da suka kafa ta a 1659 jikokin waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492 ne, da waɗanda aka tilasta wa barin addininsu a Fotugal. Sun fake a Amsterdam, daga can suka biyo Turawan Holan da suka ƙwace tsibirin a 1634.

Ranar farko da tsakar rana na je, ban iya karanta komai ba. Duwatsun a kwance suke, ba a tsaye ba, rana ta daki fuskarsu ta shafe rubutun. Washegari na yi sammako. Da hasken ya zo ta gefe, sai ga haruffa suna fitowa da inuwarsu, na Ibrananci da na Fotugis. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin goge su, na hana kaina, don marmarar da hayaƙi ya ci fiye da shekara 60 har marmashewa take yi.

Shekarun sun ruɗa ni, sai da na gane lissafin Yahudawa ne: a cire 3760, sai 5428 ta koma 1668, shekarar dutse mafi tsufa da aka sani a wurin.

Inda rubutu ya ɓace, zane ne ke magana. Hannaye biyu a buɗe, zuriyar Haruna ke nan. Jirgin ruwa, mai fatauci a teku. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne hannu daga cikin gajimare yana sare itace da gatari, wato mai kabarin bai tsufa ba. Mu da kabarinmu tudun ƙasa ne kawai, ban saba ganin baƙin cikin shekara 300 a sassaƙe haka ba.

Jiragen nan kuwa sun tuna min cewa a da tashar Kurasao kasuwar bayi ce, kuma 'yan Afirkan da aka sauke a nan ba wanda ya sassaƙa musu dutse.

A rana ta uku na koma ga rubutun duwatsun da masanin tarihi Isaac Emmanuel ya kwafa ya buga a littafi a 1957. Na riƙe shafin a gaban wani kabari: suna da rana da addu'a duk suna kan takarda, dutsen kuwa ya zama sumul.