Ɗora Windows 11 a kan tsohuwar laftof: inda ake wucewa da inda ba a wucewa

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Mafi yawan laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu a wajenmu kuwa tokumbo ne, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E6430 da ThinkPad T450, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a jerin na'urorin da kamfanin ya amince su hau Windows 11. Sai dai sharuɗɗan iri biyu ne. Akwai wanda doka ce kawai ta kamfani, ana iya zagaye ta. Akwai kuma wanda yake a jikin ƙarfen na'urar, babu dabarar da za ta kauce masa. Wanda ya raba waɗannan biyun kafin ya fara ya tsira da datarsa da lokacinsa.

Abin da Microsoft ta nema shi ne RAM 4GB, wurin ajiya 64GB, TPM 2.0 (wani ɗan guntun tsaro a jikin na'urar), Secure Boot (saitin da ke tantance manhajar da ke tada na'urar), da furosesa daga ƙarni na 8 na Intel zuwa sama, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. Gane ƙarnin ba shi da wuya: a irin waɗannan tsofaffin laftof, lambar farko bayan ƙaramin layin da ke cikin sunan furosesar galibi ita ce ƙarnin. i5-6300U na 6 ne, i5-8350U na 8. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta msinfo32, za ka ga sunan furosesar, ka kuma ga ko BIOS Mode ɗinka UEFI ne ko Legacy. Sannan ka rubuta tpm.msc ka duba TPM.

Kafin ka yanke hukuncin cewa ba ka da TPM, leƙa cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da danna wani maɓalli daidai lokacin kunna na'ura. F10 ne a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Sau da yawa yana nan, a kashe yake kawai, kuma ba lallai a rubuta masa TPM ba: Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Haka nan wasu HP na ƙarni na 6 da TPM 1.2 suke zuwa, kuma kamfanin yana da manhajar da ke ɗaga shi zuwa 2.0.

Sharaɗin da ba ya zagayuwa ya fito ne da sigar Windows 11 mai suna 24H2. Daga ita zuwa sama, Windows 11 na buƙatar furosesa mai umarnin SSE4.2 da POPCNT. Core 2 Duo ba ta da su, don haka ko ka yi nasarar kwafe fayilolin a kanta, ba za ta tashi ba. Core i3, i5 da i7 kuwa, har na ƙarnin farko, suna da su. In kana shakka, ƙaramar manhajar CPU-Z za ta nuna maka ko akwai SSE4.2 a layin Instructions. Mai Core 2 Duo ya haƙura da wannan hanya, ya duba Linux Mint, wani tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows. Ta fi dacewa da ƙarfin na'urarsa nesa ba kusa ba.

A ganina, maganar TPM ta ɗauke wa mutane hankali daga abin da ya fi shafar su. Windows 11 a kan tsohon faifai mai juyawa da RAM 4GB azaba ce: ka buɗe Chrome ka zauna kana kallon fitilar faifai tana ci ba ƙaƙƙautawa. In kuɗin abu ɗaya kake da shi, sayi SSD, wato faifai mai sauri marar juyawa, ko da mai 256GB ne. In da saura, kai RAM 8GB, amma ka duba nau'inta tukuna, domin T450 DDR3L take ci, 840 G3 kuma DDR4, ba sa shiga ramin juna.

Kayan aiki su ne filas mai 8GB ko fiye, fayil ɗin ISO (wanda ke ɗauke da Windows 11 ɗin) daga shafin Microsoft kansa, da manhajar Rufus mai ɗora shi a kan filas, siga ta 4.6 ko wadda ta biyo bayanta. ISO ɗin ya haura 5GB, saboda haka a tanadi data da layi mai ƙarfi. Kada ka karɓi irin Windows ɗin da aka "rage wa nauyi" da ake turawa a Telegram. Ba ka san abin da aka cire ba, balle abin da aka cusa.

Wajen sauke ISO akwai tarkon da ke kama mutane da dama: harshe. Turancin da ke shafin iri biyu ne, English (United States) da English International, kuma laftof ɗin da ta fito daga Ingila galibi na biyun ke kanta. In ka sauke wanda bai dace da na cikin na'urarka ba, zaɓin riƙe manhajoji da fayiloli zai dushe, ya ƙi dannuwa. Buɗe Command Prompt a matsayin admin, ka rubuta dism /online /get-intl, ka ga harshen tushen kafin ka ƙona datarka.

Ka saka filas, ka buɗe Rufus, ka zaɓi ISO. A wajen zaɓin tsarin faifai, in na'urar UEFI ce ka bar GPT, in Legacy ce ka mayar MBR. Da ka danna Start zai kawo akwati mai zaɓuɓɓuka. Ka yi alama a wanda ke cire sharaɗin RAM da Secure Boot da TPM 2.0. Zai goge duk abin da ke kan filas ɗin, ka sani.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai son manhajojinsa su zauna yadda suke, ya buɗe filas ɗin a cikin Windows 10 ya danna setup.exe. Wannan ba ya aiki in Windows 10 ɗin mai 32-bit ne, domin Windows 11 ba shi da irinsa. Mai son farawa fes kuma ya sake kunna na'ura ya tashe ta daga filas, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. In ka canja SSD, wannan ta biyun ita ce taka. Ko wacce ka ɗauka, kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifan daban tukuna, kuma ka tanadi direban Wi-Fi a filas, don wani lokaci sai an gama a tarar babu intanet ɗin da za a sauko da shi.

Sai batun wuta. Aikin kan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu gwargwadon faifai, na'urar kuma tana kashe kanta tana kunnawa sau da dama. Batirin tokumbo da yawa ba ya kai minti ashirin. In NEPA ta ɗauke ana tsakiyar musayar fayiloli, za ka iya tashi da na'urar da ba ta shiga tsohon ba ta shiga sabon. Jira sai ka samu inbata ko janareta.

Lasisi yana biyo ka da kansa matuƙar Windows 10 ɗin yana da ingantaccen lasisi kuma ba ka sauya aji ba, wato Home zuwa Home, Pro zuwa Pro. Lambar Windows 7 da ke manne a ƙarƙashin laftof ta daina buɗe sabon Windows tun a 2023. Sannan daga 24H2, in ka girka fes ka shiga da asusun Microsoft, yana iya kulle faifan da BitLocker ba tare da ya tambaye ka ba. Shiga asusun ka kwafe lambar buɗewa, mai lambobi 48, a takarda. Ranar da aka taɓa saitin BIOS ko aka canja bod, ita zai nema, kuma babu mai gyaran da zai fito maka da fayilolinka in babu ita.

Abin da masu ɗora wa mutane ba su cika faɗa ba shi ne abin da ke biyo baya. Gyare-gyaren wata-wata suna shigowa kamar kullum, ko da yake Microsoft ta ce ba ta yi alkawarin hakan ga irin waɗannan na'urori ba. Babban sauyin shekara kuwa ba ya zuwa da kansa. Kowace siga ta Home da Pro wata 24 take samun kulawa, daga nan ta tsaya. Ke nan sai ka riƙa danna Windows da R kana rubuta winver lokaci-lokaci don ganin sigarka, in wa'adin sigarka ya matso ka sauke sabon ISO, ka maimaita aikin Rufus da setup.exe. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, bayan shekara biyu zai koma daidai inda yake yau, da Windows marar tsaro, sai dai suna ya canja.

In ka ɗora ta cikin Windows 10 kuma abin bai yi maka ba, misali sauti ya ɗauke ko allon ya riƙa ƙyaftawa saboda tsohon direban hoto, kana da kwana 10 ka koma ta Settings, System, Recovery, Go back. Kada ka goge jakar Windows.old a cikin kwanakin nan don neman wuri, domin tsohon tsarin naka a cikinta yake.