Farah Khan: daga ƙirgen rawa zuwa kujerar darakta

A fadojin Yamai, idan hirar fim ɗin Indiya ta tashi ana jiran shayi ya nuna, sunan jarumi ake kamawa. Kowa ya san Shah Rukh Khan ya taka rawa a kan rufin jirgin ƙasa yana tafiya, amma da wuya ka sami wanda zai faɗa maka wa ya tsara rawar. Mace ce, Farah Khan, kuma daga wannan sana'ar ta tsara rawa ta hau kujerar darakta. Masu haɗa waƙoƙin bidiyo da finafinan dandalin soyayya a nan gida ya kamata su duba hanyar da ta bi, don aikin da suke yi kullum ne ya kai ta can.

An haife ta a Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, ranar 9 ga Janairun 1965. Mahaifinta Kamran Khan ɗan fim ne mai shirya ƙananan finafinan faɗa, har ya zuba dukiyarsa a wani fim da ya faɗi, gidan ya talauce. Ba ta shiga makarantar rawa ba. Kallon bidiyon Michael Jackson ta yi ta yi tana kwaikwayo, lokacin tana karatun ilimin zamantakewa a kwalejin St. Xavier's. Ƙofa ta buɗe mata a fim ɗin Jo Jeeta Wohi Sikandar na 1992, inda take cikin mataimakan darakta Mansoor Khan. Da babbar mai tsara rawa Saroj Khan ta bar aikin, sai aka miƙa wa Farah waƙar "Pehla Nasha". An ɗauki waƙar da tafiyar hawainiya, jarumi na tsalle a hankali amma bakinsa bai saɓa da waƙar ba.

A nan akwai dabarar da take kayar da masu kyamara da yawa. A Indiya, kamar yadda ake yi a Kano, ana gama waƙa a situdiyo tukuna, jarumai su zo su yi mamin a kanta. Idan fim ɗinka yana tafiya a kan hoto 25 a daƙiƙa, kana son tafiyar hawainiya rabi, sai ka ɗauka da hoto 50 a daƙiƙa. To dole ne waƙar da lasifika ke fitarwa a wurin ɗauka ita ma a ninka saurinta sau biyu, jarumi ya bi ta da baki a haka. Idan mai tace hoto ya mayar da hoton zuwa 25 a daƙiƙa, baki da murya za su haɗu daidai. Wanda ya saki waƙar yadda take ya ɗauka da 50, zai iske bakin jarumi yana jan ƙafa a bayan murya, sai dai a ɓoye fuskar ko a haƙura da tafiyar hawainiyar.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, a masana'antar Mumbai mai tsara rawa ba ƙafa kaɗai yake koyarwa ba. A kwanakin ɗaukar waƙa kusan shi ne darakta: shi ke cewa ga inda kyamara za ta tsaya, ga inda za a yanke, ga wanda zai shigo ta hagu. Ana raba waƙa gida-gida da ƙirgen takwas. Waƙa mai bugu 120 a minti, kowace takwas daƙiƙa 4 ce, ke nan waƙar minti 5 tana da takwas 75. Kowace takwas sai an san abin da ido zai gani a cikinta tun kafin a fito da kyamara daga jaka. Wanda ya yi wannan lissafin a kan waƙoƙi fiye da 100, kamar yadda Farah ta yi, ya riga ya iya sarrafa lokaci, taron ƴan amshin rawa, da jarumin da ya makara ya zo yana cika yana batsewa.

Waƙar jirgin nan, "Chaiyya Chaiyya" ta fim ɗin Dil Se na 1998, ta isa misali. Mani Ratnam ne darakta, A. R. Rahman ya yi kiɗa, aka ɗauka a layin dogon tsaunukan Nilgiri, wajen Ooty. Dandalin rawar siriri ne kuma yana motsi, ga gadoji ga ramukan dutse da ke haɗiye haske. Don haka yawancin rawar daga ƙugu zuwa sama take, kafaɗa da wuya da hannu, ƙafa ba ta yin nisa da inda aka dasa ta. Malaika Arora sai da aka ɗaure ta da igiya a ƙugu don kada ta faɗo. Mai tsara rawa na ƙwarai wuri yake fara dubawa kafin ya ƙirƙiri taku. Haka abin yake ga mai ɗauka a bakin kogin Kwara: yashi yana cinye saurin ƙafa, rawar da aka gwada a kan siminti ba za ta fita a can ba. Kuma daga ƙarfe goma na safe har la'asar ranar Yamai tana tsaye a ka, tana zuba inuwa a ramin ido. Hoton fuska na kusa a bar shi sai safiya ko yamma, tsakar rana a ɗauki na nesa.

Fim ɗinta na farko a matsayin darakta shi ne Main Hoon Na na 2004, wanda kamfanin Red Chillies na Shah Rukh Khan ya fara da shi. Labarin soja ne da ya koma kwaleji a Darjeeling a matsayin ɗalibi don ya tsare ƴar wani janar, ya kuma nemo ƙanensa. Ba ta yi abin da ake zaton mace za ta yi ba, wato ƙaramin fim na hawaye. Ta zuba faɗa, barkwanci, waƙa da zumunci a tukunya ɗaya, abin da Indiyawa ke kira masala, kuma ya karɓu. A ƙarshen shekarar ta auri Shirish Kunder, wanda ya tace hoton fim ɗin.

Om Shanti Om na 2007 shi ne ƙololuwar aikinta, a ganina. Ya fito ranar 9 ga Nuwamba, rana ɗaya da Saawariya na Sanjay Leela Bhansali, kuma ya doke shi a kasuwa. Da shi Deepika Padukone ta shigo finafinan Hindi. Labarin ya ginu a kan mutuwa da sake haihuwa, aƙidar mabiya addinin Hindu ce ba tamu ba, amma gwanintar ba a nan take ba. A waƙar "Deewangi Deewangi" taurari 31 suka fito. Ba a tara irin waɗannan mutane rana ɗaya. Kowa da sa'ar da zai bayar. Maganin shi ne ɗaki ɗaya, hasken da ba a taɓa shi, jarumi ɗaya da ke tsaye a kowane yanki, baƙi kuma a ba kowa takwas biyu ko uku da taku mai sauƙi. A wurin tacewa sai ya zama kamar biki guda. Idan fitila ɗaya ta gusa tsakanin yau da gobe, ɗinkin zai fito fili. Ta kammala aikin tana da ciki, ta haifi ƴan uku a Fabrairun 2008. Akwai wata al'adarta da ta burge ma'aikata: a ƙarshen fim tana fito da masu haske, masu kwalliya da masu ɗaukar kaya a gaban kyamara, maimakon sunayensu su wuce a rubuce ba mai karantawa.

Inda hanyar take da rami shi ne Tees Maar Khan na 2010. An ɗauko ƙashin labarin daga After the Fox, wani fim na 1966, aka sa Akshay Kumar a matsayin ɗan damfarar da ya yaudari ƙauye guda da sunan shirya fim don su taya shi fashin jirgin ƙasa. Waƙar "Sheila Ki Jawani" ta zagaya duniya, masu sharhi kuwa suka yi wa fim ɗin kaca-kaca. Dalilin a bayyane yake. Waƙa tana rayuwa da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, fim na awa biyu da wani abu kuwa yana son hawa da sauka. A nan kowane yanki ihu yake yi, babu inda mai kallo zai numfasa ko ya damu da wani. A finafinanta biyu na farko akwai uwa mai jiran ɗa, akwai ramuwar gayya. Waɗannan ne suka riƙe barkwancin bai tarwatse ba.

Ta koma wa Shah Rukh Khan a Happy New Year na 2014, labarin ɓarayin lu'ulu'u da suka shiga gasar rawa a Dubai alhali ba su iya rawa ba. Ya kawo kuɗi sosai, sai dai ya kai awa uku, kuma akwai wuraren da almakashi ya kamata ya bi. Wannan ciwon ma na mai tsara rawa ne: yankin da ya ci kwana uku ana gumi a kansa, da wuya hannun da ya tsara shi ya yarda a cire shi.