Abin da sauya wa Windows faifai ya koya mini a teburin gyara

A sana'armu ta gyaran kwamfuta akwai maganin da ake ba kowace cuta, shi ne fomatin, wato goge faifai a sake girka Windows. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi tashi, fomatin. Mai ita ya sayo sabon faifan SSD, irin mai gudun nan da ba ya juyawa, yana so a sa masa, sai a ce, "Alhaji, sai dai fa a yi sabon Windows." Haka na tarar ana yi tun ina yaron shago a Kano, kuma ba abin mamaki ba ne, don aikin ba ya cin rai: ka soka filashi, ka danna nan ka danna can, kafin la'asar ka karɓi kuɗinka. Sai dai sauƙin na mai gyara ne shi kaɗai. Wahalar mai kwamfuta take bi har gida.

Ɗauki mai shagon buga takardu da katin biki. Akwai CorelDRAW ɗinsa, akwai salon rubutu iri-iri da ya tara shekara da shekaru, har da na Larabci da masu ƙugiyar Hausa, akwai direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da tsohuwar firinta, wanda ko a intanet sai ka sha wuya kafin ka samo shi. Ko mai kemis da manhajar lissafin kaya, wanda ya girka masa ita ya bar gari, lambar lasisi kuma ba wanda ya san inda take. Hotuna da takardu ana kwashe su a filashi, ba gardama. Manhajar da aka girka kuwa ba ta kwasuwa haka, domin ta warwatsa bayananta a rajistar Windows da wasu lunguna da mai ita bai ma san da su ba. Ranar da aka yi fomatin duk sun tafi, ga kuɗin data na sake sauke sabuntawa, ga kwanakin da shago zai yi yana ba kwastoma haƙuri.

Wannan ne ya sa na dage na koyi kulonin, wato kwafe faifai sukutum da guda zuwa wani, yadda mutum zai kunna kwamfutarsa ya tarar da komai inda ya bar shi, sai dai gudu da ya ƙaru. Gudun kuwa ba kaɗan ba ne. Tsohon faifan laftof mai juyawa sau 5400 a minti da ƙyar yake wuce megabayit 100 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai wa wajen 550, uwa uba ba shi da allurar da za ta yi ta yawo tana neman ƙananan fayiloli. Tsohuwar EliteBook ko Latitude 'yar tokumbo, irin waɗanda suka cika shagunan Beirut Road, da wannan sauyi kaɗai sai ta koma kamar ba ita ba.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. Clonezilla kyauta ne, daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta Taiwan ya fito, daga filashi yake tashi, fuskarsa rubutu ne zalla ba ado, amma yana yin abin da ya ce. Macrium Reflect ya fi daɗin sha'ani, kodayake kamfanin ya janye nau'insa na kyauta. Samsung na da manhajarsa ta Data Migration, wadda ba ta aiki sai idan sabon faifan nasu ne. Kowanne ka ɗauka, danna maɓallin kwafewa shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Inda ake gane ƙwararre shi ne abin da ya yi kafin nan, da abin da ya yi bayan nan.

Abu na farko da ya buɗe mini ido shi ne cewa Windows ba a ɓangaren C kaɗai yake ba. A kwamfutocin zamani masu UEFI, wato sabon tsarin da ke tada kwamfuta kafin Windows ya hau, akwai wani ɗan ɓangare ɓoyayye, yawanci megabayit 100 kacal, mai tsarin FAT32, wanda ba ya fitowa cikin jerin faifai idan ka buɗe kwamfuta. Shi ne zauren gidan. Komai girman ɗakunan da ka gina a ciki, idan ba zaure ba ta inda za a shiga. Idan aka kunna kwamfuta can take fara zuwa, ta karanta ɗan kundin da ke gaya mata a wane faifai, a wane ɓangare Windows yake kwance. Bayan shi akwai wani na megabayit 16 da Microsoft ta keɓe wa kanta, sai kuma na farfaɗo da tsarin idan ya lalace. Wanda ya kwafe C kaɗai zai ga duk fayilolinsa a sabon faifai lafiya ƙalau, amma kwamfuta ba za ta tashi ba.

Ko an kwafe duka, wani lokaci kundin nan yana ci gaba da nuna tsohon adireshi, sai ka ga shuɗin allo da lamba 0xc000000e. A nan ne mutane da yawa suke karaya, su ce kulonin bai yi ba, su koma fomatin, alhali saura layi ɗaya. Ka tashi kwamfutar da filashin girka Windows, ka shiga wurin rubuta umarni, ka ba ɓoyayyen ɓangaren harafi ta hanyar diskpart, sannan ka sa bcdboot ya sake rubuta kundin. Bai kai minti biyar ba. Duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, wannan nake fara sa shi ya maimaita a kan faifan gwaji har sai ya iya ba tare da duba takarda ba.

Sai batun MBR da GPT, tsari biyu na raba faifai. MBR tsoho ne, tun 1983 ake amfani da shi, ba ya ɗaukar manyan ɓangarori fiye da huɗu, kuma ba ya ganin abin da ya wuce terabayit 2. Shi ke tafiya da tsohon BIOS, wanda UEFI ya gada. GPT kuma abokin tafiyar UEFI ne. Idan Windows ɗin da ka kwafe na MBR ne, kwamfuta kuma an saita ta a kan UEFI zalla, za ta nuna kamar ba faifai a jikinta. Kafin in kwance ko kusa ɗaya nakan duba wane tsari ke tsohon faifan, in bar sabon ya gaje shi yadda yake.

Girma ma yana ba da ciwon kai, saboda kusan kullum daga babba ake komawa ƙarami: faifan gigabayit 500 zuwa SSD mai 256, don shi ne aljihu yake iya ɗauka. Wannan 256 ɗin ma a idon Windows 238 ne, domin kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024. Clonezilla ba ya yarda ya zuba ɓangare a wurin da bai kai girmansa ba, ko da rabinsa fanko ne, dole sai ka tsuke shi tukuna. Windows kuma yakan ƙi tsukewa ya wuce wani wuri, saboda wasu fayiloli da ba ya iya matsarwa yana cikin aiki, kamar pagefile da hiberfil da ajiyar maido da tsari. Ka kashe su na ɗan lokaci, ka sake kunna kwamfutar, sai hanya ta buɗe. Finafinai da bidiyon biki kuwa, da izinin mai su, a fara kai su wani faifan daban.

Darasin da na fi ɗauka da nauyi shi ne duba lafiyar tsohon faifai kafin a taɓa shi. Sau da yawa nauyin da ya kawo mutum shago ba tsufan kwamfuta ba ne, faifan ne yake gab da mutuwa. Kulonin kuwa karatu ne na tsawon sa'o'i ba hutawa, irin wahalar da take ƙarasa mai rauni. Kowane faifai yana riƙe da bayanin lafiyarsa, wanda ake kira SMART, kuma CrystalDiskInfo yana nuna shi cikin daƙiƙoƙi. Idan na ga rawaya, wato alamar gargaɗi, ko na ji faifan yana ƙas-ƙas, tsarin aikin gaba ɗaya ya canja. Na farko, a kwashe abin da mai shi ya ce ba zai iya rasawa ba. Na biyu, a ajiye manhajojin kulonin na yau da kullum, waɗanda kan tsaya cak idan suka ci karo da gurbin da ya lalace, a ɗauko ddrescue na Linux. Shi yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ya tsallake masu matsala, sai daga baya ya dawo yana lallaɓa su. Yana kuma rubuta inda ya kai, ta yadda ko an ɗauke wuta zai ci gaba daga nan. A garin da wuta ba ta sallama kafin ta tafi, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Laftof dai batirinta yakan rufa asiri idan yana da rai. Ta tebur kuwa ba na fara mata aiki sai a kan inbata.

Akwai kuskuren da ba a gyara shi: juya alƙibla. Kowane tsohon mai gyara yana da labarin wanda ya kwafe sabon faifai fanko a kan mai kaya. A Linux sunayen faifan sda da sdb ne, kuma suna iya musanya wuri gwargwadon wanda kwamfuta ta fara gani. Umarnin dd na kwafe faifai ba ya tambayar ko ka tabbata. Don haka ba na dogara da harafi. Sunan kamfani, girma, da lambar da ke jikin faifan nake dubawa, in karanta su a fili, yaro ya amsa mini daga takardar da muka rubuta tun farko. Wani abokin sana'a yana yi mini dariya, wai kamar masu ɗaurin aure. Na bar shi da dariyarsa.

Idan an gama, sai a cire tsohon gaba ɗaya kafin kunnawar farko. Faifan biyu yanzu shaidarsu ɗaya ce, kuma idan Windows ya gan su tare yakan daina aiki da ɗaya. Abin da ya fi wannan muni shi ne kwamfuta ta riƙa tashi ta tsohon ba wanda ya lura, komai yana tafiya daidai, sai ranar da aka goge shi ta ƙi motsi.

BitLocker, makullin faifai na Windows, shi ma ya isa a ambace shi. Kwamfutoci da dama yanzu suna kulle faifansu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai sani ba. Bayan sauyi tana iya neman mabuɗi mai lamba 48. Ina tambaya tun kafin in karɓi aiki, kuma sai mun ga mabuɗin da idonmu a asusun, ko mun cire kullen, sannan in ci gaba. Lasisin Windows kansa bai cika damuwa da sauya faifai ba, da babban allon kwamfutar aka ɗaure shi. Wasu manhajojin kasuwanci ne kan ɗaure nasu da lambar faifai, gara a gaya wa mai kaya tun da wuri.

Duk da haka ba kowane aiki nake yarda in yi wa kulonin ba. Yadda yake kwafe alheri haka yake kwafe tsiya. Windows ɗin da ƙwayoyin cuta suka cinye, ko wanda aka cika da manhajojin sata masu buɗe talla ko'ina, idan ka kai shi SSD ka samu matsala mai gudu ne kawai. A irin wannan nakan ce, "Malam, wannan kam sabo za a yi," in kuma faɗi dalili. Haka idan wata kwamfutar daban za a koma, ba faifai kaɗai ba. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tambayar ta ƙaru, domin Windows 11 yana buƙatar UEFI da ɗan kayan tsaro mai suna TPM 2.0. Idan injin ya cancanta amma faifan MBR ne, akwai mbr2gpt da ya zo cikin Windows 10 tun 2017, yana juya tsarin ba tare da goge komai ba. A kan kwafin nake gwada shi, ba a kan na asali ba.

Wani abin haushi, kwastoma ba ya son biyan kuɗin kulonin fiye da na fomatin, tunda a ganinsa ba abin da ya canja, hoton 'ya'yansa ma yana nan a fuskar allo. Na daina jayayya. Nakan lissafa masa abin da zai sake girkawa da wanda ba zai sake samu ba, in bar shi ya zaɓa.

Tsohon faifan kuma mai shi nake miƙa wa, da kwanan wata a rubuce a jikinsa. "Hajiya, ki sa shi a durowa, kada a taɓa shi sai kin yi wata guda kina aiki da sabon." Bayan nan, idan lafiyarsa ƙalau, ana iya sa shi a ɗan akwatin USB ya zama wurin ajiya. Wasu sukan ce in riƙe shi a rage musu kuɗi. Idan na karɓa, sai na goge shi a gabansu da umarnin clean all na diskpart, wanda ke bin faifan gurbi-gurbi yana rubuta sifili. Fomatin na gaggawa jerin sunayen kawai yake sharewa, hotunan iyali da takardun banki suna nan kwance, duk mai manhajar dawo da fayil zai iya tono su. A faifan gigabayit 500 gogewar takan wuce awa guda, don haka nakan ce su je su yi salla su ci abinci su dawo.