Zuwa bakin tafkin Madarunfa da kwalabe

Ranar Asabar da sassafe, bayan an gama yankan hatsi, na raka ɗiyar ƙanwata Madarunfa. Ilimin halittu take karantawa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, kuma an ce ta taro ƙwari. Muka hau kabu-kabu biyu, kwalabe suna ƙara a jakarta, kafin hantsi ya dubi ludayi mun sauka bakin tafki.

A gindin wani gawo muka iske tururuwa sun ja layi, kowace da ƙwayar hatsi a baki. Na ce ai ga iri biyu nan, masu ƙaton kai da ƙanana.

"Kawu, uwarsu ɗaya, raminsu ɗaya," in ji ta.

Sai ta kamo wasu baƙaƙe biyu daga wani wurin, waɗanda da zan rantse 'yan gida ɗaya ne, ta miƙo mini madubin ƙara girma. A ƙugun ɗaya ƙulli guda ne, a na ɗayar biyu. Ashe ko dangi ba su haɗa ba. Na daɗe ina kallo, raina cike da mamakin ikon Allah.

Ta ce wannan mai sauƙi ne. A tsibirin Madagaska an san irin tururuwa fiye da 1000, galibinsu babu su ko'ina a duniya sai can. Teku yakan raba zuriya ɗaya tsakanin tsibirai, kowane ɓangare ya sauya kaɗan, har sai an auna faɗin kai, an duba ƙayar baya, wani lokacin an yi gwajin ƙwayar halitta, kafin a raba su. Irin wannan aikin ne ya kai Edward Wilson, masanin tururuwa na Amurka, zuwa tsibiran Fiji da Niyu Gini a shekarun 1950.

Wani dattijo mai ɗaure dami ya matso muka gaisa. Shi ba ya buƙatar madubi. Cinnaka a harbi ake saninta, kiyashi a bakin sukari, kwarkwasa kuwa in ta fito sai a bar mata hanya. Da ya ga tana duban ramin, sai muryarsa ta sauka.

"Ɗiyata, kada ki tone shi. A yunwar 2005 matan garin nan irinsa suka riƙa tonawa, suna sheƙe hatsin ciki."

Guda biyar kawai ta ɗauka daga kan layi, ta rufe kwalba, ta rubuta rana da wuri. Har muka iso Maradi ban ce uffan ba.